Cibiyar Ɗan Dije

Ƙamshin ƙosai da warin fetur ne suka tarbe ni a tasha, ana idar da sallar asuba. Ina rungume da ƙaramin akwatin roba, cikinsa fankon kwalaben ɗibar jini.

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne kiwon fararen ƙwayoyin jini a faranti. Kowace ƙwaya tana da wasu ƙananan hannaye a naɗe, muna kiran su integirin. In ciwo ya sami wani wuri a jiki, sai hannayen su miƙe, ƙwayar ta kama bangon jijiya, ta ratsa ta kai ɗauki. Na daɗe ina kallon wannan a ƙwayoyin da ake sayo mana daga waje, masu lamba a maimakon suna.

Sai ga waya daga Anti Ladi, nas a wani ƙaramin asibiti kusa da Falgore. Akwai jariri a ruga, ya haura wata guda cibiyarsa ba ta faɗi ba. Gefenta ya yi ja, ga zazzaɓi, amma ko ɗigon mugunya babu. Likitanmu ya ce, "Wataƙila nasa hannayen ne ba sa kamawa. A ɗebo jininsa ya iso a ranar da aka ɗeba, kada ya ji ƙanƙara, kada ya ji rana. In ba mu gane ciwon ba, lalube za a yi ta yi har a rasa shi."

Kano zuwa Tudun Wada

"Hajiya, kawo akwatin a sa a but," in ji direba.

"A cinyata zai zauna, Malam."

"Zinare ne?"

"Ba komai a ciki tukuna."

"To, yau na ɗauki mai rungumar babu!"

Muka bi hanyar Zariya, ƙasar Bebeji shar da dawa, raɓa na ƙyalli a ganye. A Kwanar Dangora muka karkata kudu. Wata tsohuwa da za ta Doguwa ta ɓalla mini rabin masararta, ta yi ta ba ni labarin jikokinta har Tudun Wada, inda na canza mota.

Falgore

Da hantsi na sauka. Anti Ladi na jira a bakin titi da babura biyu. Muka kutsa ta cikin gonaki, ciyawa na dukan ƙafafuna, har muka hango bukkoki da shanu kwance.

Uban yaron ya yi mana maraba, ya ce ya yarda, ya koma gefe. Kakar, wadda kowa ke kira Dada, ita ke riƙe da jaririn. Ta buɗe zane a hankali. Cibiyar ta bushe ta yi baƙi, amma tana nan maƙale.

"Na gasa ta har na gaji, 'yar nan," in ji Dada. "Ta kowane jika na yanke, ban taɓa ganin mai taurin kai irin wannan ba."

Can bakin bukka wata yarinya doguwa tana wanke ƙwarya. Ita ce Dije, uwar yaron. Na ƙarasa na gaishe ta, na ce, "Yana kama nono sosai?"

Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar.

Anti Ladi ta mintsine ni. "Ke, ɗan fari ne. A gaban surukarta kike tambayarta?"

Na san kunyar ɗan fari, ko mahaifiyata ba ta faɗin sunan yayana. Amma da allura ta shiga hannun yaron ya tsala kuka, na saci kallon Dije. Ba ta waiwayo ba. Hannunta dai ya tsaya cak a cikin ruwa.

Saura abu ɗaya. Irin wannan jini ba ya tafiya shi kaɗai. Ana haɗa shi da na mai lafiya, su sha hanya tare, don in an ga rauni a san na ciwo ne ko na wahalar tafiya. Na yi wa Dada bayani ina naɗe hannun rigata.

"Naki?" Ta yi dariya. "Jinin 'yan birni ai shayi ne zalla."

Ban ji tahowar Dije ba. Sai ganinta na yi ta zauna a tabarma, ta juya wa jaririn baya, ta miƙa wa Anti Ladi hannu, idonta na kan shanu.

"Ɗebi nawa," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yaron Dada bai taɓa zuwa ko'ina shi kaɗai ba."

Dada ta yi kamar ba ta ji ba. Ta shiga yi wa yaron wasa da Fulatanci, tana goge ido da bakin mayafi.

Komawa

Na sami motar da ta fito daga Doguwa, shaƙe da buhunan masara. Na zaɓi gefen da rana ba ta bugu. A wani shinge jami'i ya leƙo ya ce in buɗe akwatin.

"Yallaɓai, don Allah a buɗe a inuwa."

Ya dube ni, ya tare tagar da jikinsa. Kwalabe biyu na kwance a auduga, kafaɗa da kafaɗa.

"Na wa?"

"Uwa da ɗa."

"Allah ya ba shi lafiya. Direba, wuce."

Bayan la'asar na isa ɗakin gwaji. A madubin likita ƙwayoyin Dije suka kama faranti suka baje. Na ɗanta suka yi ta gangarewa, sai 'yan kaɗan da suka riƙe. Likita ya ce waɗannan kaɗan ɗin su ne abin godiya. Aka ci gaba da gwaji, daga baya aka kawo yaron asibitinmu, aka sa shi a magani da kulawa. A ranar dai na isa gida da magariba, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ina kuma gode wa Anti Ladi da duk wanda ya matsa mini a mota.

Sai da yaron ya fara tafiya Anti Ladi ta gaya mini yadda ta san da shi. Dije ce ke ɗora ƙwarya a ka, ta ce za ta tallar nono, ta goya shi, ta taka a ƙafa har asibiti. A hanya take zubar da nonon, don a ga ƙwaryar ta koma gida ba komai.