Takardar da Kawu Bai Sa wa Hannu Ba

Ina aji biyar a firamare a Karaye lokacin da Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya dawo gida tsakiyar damina ba don hutu ba. Mataimakin matuƙin jirgin sama ne. A da, da farar rigarsa mai zane a kafaɗa yake shigowa, yara na bin sa a baya. Wannan karon tsohuwar shadda ya sa, kuma na lura ya ci farcen babban yatsansa har wurin ya yi ja.

Ashe dakatar da shi aka yi. Suna shirin sauka a wani gari mai duwatsu, hadari ya rufe ko'ina, sai na'urar da ke gargaɗi idan jirgi ya kusanci ƙasa ta kama ihu. Babban matuƙin, dattijon da ya koya masa aiki, ya ce ƙarya take yi, shi ya san hanya. Kawu ya yi masa magana sau biyu, a na uku ya karɓe tuƙin ya ɗaga jirgin. Dattijon ya kai ƙara. Kamfani ya ce ko Kawu ya rubuta cewa ya yi kuskure, ko ya zauna a gida, wataƙila ma aikin ya tafi ke nan.

Babana magatakarda ne a ofishin hakimi, shi ya buga masa takardar ban haƙuri da tafireta.

"Sa hannu kawai," in ji Baba. "Ina ka taɓa ganin yaro ya ƙwace linzami a hannun babba?"

Kawu ya ce sai mahaifinsa ya ji. Muka ɗunguma ƙauyen Ruwan Bago, muka tarar da mahaifin nasa, Kaka, a gindin tsamiya yana tufka igiyar shanu. Na kai musu fura, na raɓe jikin rumbu, ba wanda ya kore ni.

Kaka ya saurara har ƙarshe, hannunsa bai bar igiyar ba.

"Abin nan mai ihu, yakan yi ƙarya?"

"Wani lokaci, Baba."

"Kai ka ga dutsen?"

"Ban ga komai ba. Fari fat."

"Shi fa?"

"Shi ma bai gani ba."

Kaka ya yi dariya har da tari. "Makafi biyu, sanda ta taɓa bango, babban ya ce sandar ce ba ta da kunya! Mutum nawa ne a bayanku?"

"Jirgin cike yake."

Babana ya gyara zama. "Amma Alhaji, girma fa..."

"Malam magatakarda, da sun daki dutsen, girman ne zai yi musu salla?" Sai Kaka ya juya ga Kawu. "Kada ka sa hannu a kan ƙarya. Amma ka je har gidan mutumin nan, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi. Ka karɓe masa jirgi, kada ka haɗa da mutuncinsa."

Sai a lokacin Kawu ya ɗauki ludayi. Ya hau shan furar.

Washegari ya tafi Kano da kwalbar man shanu da Kaka ya ba shi ya kai. Da ya dawo, ya yi ta bin Babana gona mako bayan mako. Ana fara yankan gero saƙo ya zo ya koma bakin aiki. Dattijon ne da kansa ya janye ƙarar.

Takardar kuwa Baba ya miƙo mini ita, na yi wa littafin lissafina bango. Wurin sa hannun yana nan fari har na gama aji shida.