Katin Asibitin Da Na Toshe Gilashin Mota Da Shi

A shekarun farkon dawowar mulkin farar hula ni direban tasi ne, kullum Kibiya zuwa Kano, mai gidan kansa da ba a gaya masa magana. 'Yata ta fari tana da shekara takwas lokacin da ta faɗi a bakin rijiya, haƙorinta na gaba ya gutsure, bayan kwana uku leɓe ya kumbura suntum. Na ɗauke ta sai asibitin haƙori a Kano. Likita ya matse mugunya, ya liƙe wurin, ya ba ni kati, ya maimaita min har sau biyu cewa wannan liƙin na wucin gadi ne, in dawo da ita bayan mako biyu.

Ciwo ya kwanta, yarinya ta koma cin rake da ɗaya gefen. Hajiyata, wato mahaifiyata, ta ce haƙorin yaro ai na aro ne, in ta yi famfara wani zai fito, a bar wahalar da ita a mota. Ni kuwa daman abin da nake son ji ke nan. Takaicin da ke cina har yau shi ne, ni da kaina na tsokani yarinyar da mai giɓi shekara guda kafin nan, lokacin da ta yi famfarar wannan haƙorin. Ban tuna ba! Kusan kullum sai na bi ta ƙofar asibitin nan da fasinja, katin kuwa na ninke shi huɗu na cusa a gilashin ƙofar da ke damuna da ƙara. Mahaifiyar yarinyar ta yi mita har ta gaji, ina ce mata sai an gama hada-hadar kaka.

Wata biyar haƙori ya yi baƙi, kumburi ya dawo. Likitan ya dube ni ya ce yanzu sai cirewa, kuma wannan ba ya sake fitowa.

Iyaye, lafawar ciwo ba warkewa ba ce. In an ce ku dawo, ku koma, ko da yaro yana tsalle. Ni na kasa gaya wa 'yata gaskiya a lokacin. Da aka cire, ta karɓi haƙorin ta jefa saman ɗaki kamar yadda yara ke yi, ta kusa shekara tana buɗe min baki da safe wai in duba ko ya fara fitowa.