Baba Inci da Teburin Yanka

Shekara talatin da ɗaya shagona na gyaran agogo yana manne da shagon ɗinkin Baba Inci. Katako ɗaya ne tsakaninmu, in ya yi tari ni nake riga matarsa ji. Halinsa ne ya jawo masa sunan. Mutum zai kawo yadi ya ce a ƙara masa inci ɗaya a hannun riga, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Hannunka ne ya ƙaru, ko idonka ne ya lalace?" Ba zai ƙara ba. Abin haushin kuma, in rigar ta fito sai ka ga shi ne da gaskiya. Ban taɓa cewa mai daɗin baki ne ba, ba kuma yau zan fara ba. Ya taɓa tsayar da ni a tsakiyar titi, ya kama wuyan rigata, ya tambaye ni wane maƙiyina ne ya ɗinka mini ita.

Kekunan ɗinki biyar ne a shagon, teburin yanka kuwa ɗaya, kuma dokarsa ɗaya ce: kowa ya ɗinka, shi kaɗai ke yankawa. Babban ɗansa, wanda muke tsokana da Manaja saboda son ba da umarni, ya shekara ashirin a kan keke, har furfura ta fara fito masa, bai taɓa sa almakashi a yadin mutane ba. In ya matso kusa da teburin, uban zai ce, "Me ka ajiye a nan?" A gaban ma'aikata yake faɗa, a gaban masu kawo ɗinki. Na faɗi wannan ne don kada a ce na ɓoye abin da ke cin ran Manaja.

Baba yana da shekara saba'in da ɗaya ciwon ya zo. Zafi ne ya fara ji a gefen hagu, daga tsakiyar baya, ya bi ƙarƙashin hammata, ya tsaya a ƙirji. Da wani ne, da ya nufi asibiti. Baba kuwa tela ne, a wurinsa duk abin da ya dami fata laifin riga ne. Ya tuɓe ta, ya juya ta, ya ce zaren ne mai kaushi, ya farke ɗinkin gefen ya sake. Da ƙuraje suka feso a jere, masu ruwa, iyakar rabin jikinsa, sai ya ce rinin yadin ne. Da ya canza yadi bai ji sauƙi ba, ya koma kan mai guga, ya ce sitati ya cika masa, suka yi ta sa'insa har na fito na raba. Kwana tara yana shari'a da riguna.

Ni na kai shi asibiti, da ƙyar. Likitar tana ɗaga rigar ta gane. Ta ce, "Baba, ka yi ƙarambau kana yaro?" Ya ce wa zai tuna. Ta ce to ƙwayar cutar ba ta manta ba, tana nan kwance a jijiya tun lokacin, tana jiran tsufa ya rage wa jiki ƙarfi. Ta ce da ya zo a kwana ukun farko, akwai maganin da zai karya mata lago. Ta ƙara da cewa ƙurajen za su bushe, amma ga masu shekarunsa zafin kan zauna a jijiya watanni, wani lokaci shekaru. Baba ya ce mata ɗinkin aljihun farar rigarta ya karkace.

Ƙurajen suka bushe cikin wata guda, suka bar ɗan tabo. Zafin ya zauna daram. Kuma zafi ne mai wuyar sha'ani: in ya jingina da bango da ƙarfi, ko aka danna wurin da tafin hannu, ba ya jin komai, har sauƙi yake samu. Amma zare ɗaya ya goge shi, ko iskar taga ta shafe shi, sai ya ce kamar an ɗora masa dutsen guga. Mutumin da ya tufatar da rabin unguwa ya koma zaman tsakiyar ɗaki a kan kujera marar baya, ba riga, tagogi a rufe. An ba shi ƙwayoyin ciwon jijiya, suna rage kaɗan, amma suna sa shi gyangyaɗi, hannunsa ya yi nauyi.

Wata huɗu Manaja yana yanka. Ba laifi yankansa, in faɗi gaskiya. Ya sa aka ɗaura fanka a saman teburin, abin da uban ya hana shekara da shekaru. Ya kuma fara cewa, da farko a hankali, daga baya a fili, wane irin ciwo ne wannan da ba a ganinsa. Uwarsa ma ta gaji da rufe tagogi da zaman zufa, ta fara yi wa mijin kallon tuhuma. Ta ce mini, "Jiya na gan shi ya jingina da bango yana sauraron rediyo. Bango bai dame shi ba, sai riga?"

Baba ya ga teburinsa na neman suɓuce masa, sai ya sake neman mafita ta hanyar da ya sani. Ya ɗinka wata riga, ya sa mata wayar ƙarfe a ciki ta tokare yadin ya bar jikinsa. Aiki ne mai kyau, ni mai sana'ar hannu na yaba. Amma da ya shigo shago da ita, gefe ɗaya a kumbure kamar ya ɓoye kwando, ma'aikata suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Manaja bai yi dariya ba. Ya zagaya bayan uban, ya zura hannu ta ƙarƙashin rigar, ya danna tabon da ƙarfi. Baba bai motsa ba.

"Nan ne wurin?" in ji Manaja.

"Nan ne. Dannawa ba ta..."

"To, Baba, ba za ka tsaya gaban mutane da wannan abin ba. Ga yadin kwat an kawo. Jibi ka zo da riga irin ta kowa, ka yanka. In ka yanka, teburinka ne. In ka kasa, ka huta a gida, ba abin kunya ba ne." Ya juyo gare ni. "Baffa, kai ne shaida."

Tun daga ranar Baba ya daina shan ƙwayoyin, don kada hannunsa ya ci amanarsa.

Ran jibin ya zo da hantsi cikin farar riga mai maɓalli har wuya. Matarsa ta biyo shi, ta zauna a bencin masu jira. Yana tafiya a sandare, hannun hagu nesa da jiki. Fanka tana juyawa, rigar tana ɗan kaɗawa a bayansa, ina ganin tsokar wuyansa tana tsalle duk lokacin da yadin ya taɓa shi.

"A kashe fankar nan, tana ɗaga yadi," in ji shi.

Manaja ya ɗauko dutsen guga biyu ya danne gefen yadin. "Yanzu ba zai ɗagu ba."

Baba ya dube shi, ya san in ya sake roƙo ya faɗi. Ya ɗauki alli. Ni aikina duba lokaci ne, minti talatin da takwas ya yi. Ya auna, ya zana, ya yanka baya, ya yanka gaba biyu, hannuwa, kwala. Zufa tana ɗiga daga haɓarsa, yana kawar da kai don kada ta taɓa yadin. Leɓensa na ƙasa ya fashe don cizo. Kekuna duk sun tsaya, ba ka jin komai sai kukan almakashi. Da ya gama, Manaja ya haɗa gaba da baya, ya duba ta nan, ya duba ta can, bai ga kuskure ko ɗaya ba. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata tsoho ya gama da su.

Sai Manaja ya juya wurin uwarsa ya ce, "Kin gani ko, Umma? Riga a jikinsa, fanka a kansa, ko tsaki bai yi ba. Wata huɗu muna rufe tagogi."

Ta tashi ta gyara mayafinta. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Malam, ai da ka ce hutu kake so."

Baba ya buɗe baki, ya dubi teburin, ya rufe. In ya ce da ciwo, ya sauka. In ya yi shiru, maƙaryaci ne. Ya zaɓi teburin.

Yau wata bakwai ke nan. An buɗe tagogin gida, an daina zancen asibiti, jikoki suna ɗare masa baya da gudu, ba mai hana su. Kullum yana shago cikin riga, ƙarƙashin fanka, kuma ya daina yi wa kowa gori a kan inci, don ba ya iya doguwar magana. Da rana tsaka yakan shigo wurina kamar zai duba agogo. In ja labule, ya tuɓe rigar, ya manna gefensa da katakon nan, hawaye na zuba, ba ya sharewa. Minti biyar nake ba shi, sannan in riƙe masa rigar ya mayar.

Shekaranjiya Baba yana fita Manaja ya leƙo, fuskarsa a sake. Ya ce, "Baffa, ka ga Baba ya warke sarai ko?"

Baba yana bakin ƙofa, ya ba mu baya, ya tsaya cak yana jiran abin da zan ce.

Na ce, "Ya warke."