Darakta a Kujerar Baya

Ya haura shekara sittin, kuma bai daɗe da yin ritaya ba. An ce darakta ne a da, motar ofis ta koma tare da direbanta. Yanzu ga shi a filin sayar da motoci na hannu, takalminsa na ƙyalli, matarsa na biye da shi riƙe da jaka.

Sauran masu saye suna duba inji, suna leƙa ƙarƙashin mota. Shi kuwa ƙofar baya yake buɗewa. Yana zama, ya miƙe ƙafafu, ya ɗaga hannu ta taga kamar mai amsa gaisuwar ma'aikata. Gwajin ke nan.

Kuɗin da suka zo da su na wata ƙaramar ja ne. Ransa kuwa yana kan babbar baƙa, wadda ba za ta sayu ba sai an haɗa da kuɗin makarantar autarsu.

Dillali ya lallaɓa shi ya shiga ƙaramar. "Ranka ya daɗe, wannan ba ta shan mai."

"Mai na tambaye ka? Dubi inda gwiwata take!"

"Maigida," in ji matar, "ai a gaba za ka zauna. Wa zai tuƙa ka?"

Da alama rabonsa da sitiyari tun kafin furfura ta fito masa.

Can ya karɓi makullin ƙaramar, ya miƙa mata ta taga.

"Matsa kujerarki gaba," ya ce, sannan ya ja ƙofa ya rufe.