Sawun Bajimin Yayana

Shekarar da aka sace bajimin yayana muna zaune a ƙauyenmu, bayan Allakaye, inda hanya take ƙarewa cikin duwatsu. Da bajimin nan yake jan amalanke, yana kai wa mutane ruwa da kara. Abincin gidansa ke nan.

Mun dawo daga sallar asuba muka tarar da turke babu komai. Ga sawun ɓarayi a rairayi, mutum biyu, ɗaya da takalmin taya. Yayana ya kife ƙwarya a kan sawun da ya fi fitowa, ya ɗora dutse, don hukuma ta zo ta gani da idonta. Dattawa suka hana a bi, suka ce ɓarayin yanzu da bindiga suke yawo.

Na rubuta kamannin bajimin da ajami, har da karyayyen ƙahonsa, muka hau babur zuwa gari wurin jandarmomi. Jandarman da muka iske ya ba mu benci, ya saurare mu har ƙarshe.

"Baba, mota guda gare mu," in ji shi. "Tana rakiyar manyan 'yan albasa bisa gudron, hanyar kwalta."

"In ta komo fa, ɗana?" in ji yayana.

"In ta komo akwai tsaron kasuwa. Ku ma wa ya aike ku zama bayan dutsi?"

"Nan munka iske kabarin ubanmu."

Jandarman ya sunkuyar da kai. Ya rubuta, ya ce mu koma mu jira, za a zo.

Yayana ya ɗauki maganar nan da gaske. Kullum yana zaune kusa da ƙwaryar yana korar awaki. Rana ta uku wani makiyayi ya ce ya ga bajimi mai karyayyen ƙaho ana kora shi wajen Keita. Na ce mu tafi. Yayana ya ce in hukuma ta zo ba ta same shi ba fa? Ban matsa masa ba, kuma har yau abin yana damuna.

Sai rana ta tara ya yarda. Da muka isa Keita muka tarar an daɗe da loda bajimin a mota zuwa kudu.

Bayan girbi ya tafi Madawa ya zama ɗan ga-ruwa, da furfurarsa, garwa biyu a kafaɗa. Shekara huɗu ya yi yana aiko da hatsi kafin ƙirji ya kayar da shi. A can muka binne shi. Allah ya jiƙansa.