Malam Datong da 'Yar da Aka Bar Masa

A Kabong, duk wanda ya tambayi gidan Malam Datong sai an ɗan yi tunani, amma da ya ce gidan Baba Genos, nan take za a nuna masa ƙofa mai koren fenti. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan. Shekara ashirin da takwas ya yi yana koyar da Girkanci a wata makarantar horar da fastoci a bayan garin Jos, kuma kowace shekara da kalmomin dangantaka yake buɗe aji.

Ɗan manomi ne daga wani ƙauye a wajen Pankshin. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a gonar acca, sai dai wani malaminsu ya lura yaron yana kama harshe da wuri, ya matsa har aka bar shi ya ci gaba da karatu. A aji yakan rubuta genos a allo, ya ce wannan dangi ke nan, mutanen da suka fito daga tushe ɗaya. Sai teknon, ɗan da aka haifa. Sai ekgonos, jika ko tattaɓa-kunne, wanda ya fito daga tsatson mutum. Daga ƙarshe oikos, gida da duk mai kwana a cikinsa. Yakan gargaɗi ɗalibai kada su kwashe su duka su ce zuriya kawai, domin kowace da inda ta tsaya.

Shi kansa bai taɓa haihuwa ba. Shi da matarsa Zipora sun yi yawon asibiti har suka haƙura. A gidan nasu akwai ɗan haya, Nnaemeka, Inyamuri mai shagon kayan lantarki, wanda matarsa ta rasu ta bar masa jaririya, Ezinne. Da safe zai miƙa ta ga Zipora ya tafi shago, da yamma ya dawo ya tarar an yi mata wanka ta ci ta ƙoshi. Yarinyar tana shekara huɗu ciwon hanta ya kwantar da Nnaemeka, bai yi wata biyu ba ya cika.

Ƙaninsa Chukwudalu ne ya zo ɗaukar gawa zuwa garinsu a kudu. Saurayi ne a lokacin, yana koyon kasuwanci a hannun wani, ba shi da ko ɗakin kansa. Ya roƙi Malam Datong ya riƙe yarinyar zuwa Kirsimeti, ya ce zai dawo ya tafi da ita. Kirsimeti ta zo ta wuce bai zo ba. Malam ya rubuta wasiƙa uku cikin shekara biyu, ba amsa, daga nan ya daina. Bai gaya wa kowa ba, amma ranar da ya yanke shawarar dainawa daɗi ya ji.

Ezinne ta tashi tana kiransa Baba, tana jin yaren su Malam fiye da 'ya'yan ƙannensa. Ba su ɓoye mata asalinta ba, hoton Nnaemeka ma yana rataye a falo. Sai dai babu wata takarda da ta ce tasu ce. Shekara da shekaru, in baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar gida, gaban Malam sai ya faɗi. Wani lokaci yana tsaka da bayanin ekgonos a aji sai ya tuna shi ba zai taɓa samun ko ɗaya ba, ya yi sauri ya wuce zuwa darasi na gaba.

Ta gama karatun jinya, ta kama aiki, sannan ta kawo wanda take so ta aura, Natana'el, malamin sakandare mai kunya. Da iyayensa suka zo gaisuwa, wani dattijo a cikinsu ya tambaya cikin ladabi ko dangin mahaifinta na jini sun san da maganar. Bayan baƙi sun tafi, Ezinne ta durƙusa kusa da kujerarsa ta gaya masa cewa tun watanni uku da suka wuce ta samo lambar Chukwudalu ta hannun wasu 'yan kasuwa, sun yi magana, ya ce yana nan tafe ranar Asabar.

Kwana biyar Malam ya yi abinci ba ya shiga. Yana ganin mutumin zai zo ya ce a kai bikin garinsu, ya zauna a kujerar uba, kuma haƙƙinsa ne. Zipora ta ce masa duk abin da zai faru gara ya je ya tarye shi da kansa, kada baƙo ya zo yana tambayar hanya.

Ranar Asabar da hantsi ya hau keke Napep zuwa tashar mota a Laranto, sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Da motar ta iso bai gane Chukwudalu ba. Saurayin nan siriri ya zama ƙaton mutum mai furfura a gemu, yana jan jaka da buhun doya. Shi ne ya gane Malam. Ya ajiye kayan a tsakiyar tasha, ya cire hula, ya rusuna har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, masu dako suna kaucewa.

Suka zauna a benci gaban wata mai sayar da masara. Chukwudalu ya yi bayani da 'yar Hausarsa haɗe da Turancin kasuwa. Ya ce wasiƙun duk sun same shi. A lokacin ko abin da zai ci ba shi da shi, kunya ta hana shi amsawa. Da ya samu hali kuma, sai kunyar ta ƙaru, domin bai san da wane ido zai dubi mutumin da ya yi wa alkawari ba.

Malam ya ce, "Ni ma ina da nawa laifin. Da na so, da na zo har garinku na neme ka. Ban so ba. Tsoro nake ji ka karɓe ta."

Chukwudalu ya girgiza kai. "Oga, in karɓe ta in kai ta ina? Ni ban san ko abincin da take so ba. Kai ne ubanta. Na zo ne in tsaya a bayanka ranar biki, in ka yarda."

Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa masa. Sunayen kakannin Ezinne ne, daga Nnaemeka har uba na shida, waɗanda ya zauna da tsofaffin garinsu suka lissafa masa. Ya ce abin da ya iya kawowa ke nan, domin 'ya'yanta su san ta wannan ɓangaren ma suna da mutane. Malam ya sa tabarau ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya a fili, yana kuskure, Chukwudalu yana gyara masa. A na huɗu duka biyun suka fashe da dariya.

Da suka iso gida, Zipora tana ganin fuskar mijinta ta gane, ta koma kicin ba ta tambayi komai ba. Ezinne ta tsaya a bakin ƙofa tana duban kawunta, ta ce da shi goshinsa irin na hoton falo ne. Malam ya ci gwate kwano biyu a ranar, ya kishingiɗa a kujera baƙo na magana, barci ya ɗauke shi har la'asar.

An ɗaura auren a watan Nuwamba a cocinsu na Kabong. Malam Datong ne ya riƙo hannun amarya, Chukwudalu na biye da su da jar hula, tare da mutum tara da suka zo daga kudu cikin mota guda. Malam ya yi ritaya yanzu, gwiwa ta fara damunsa, ba ya fita sosai sai coci. Ya yi alkawarin zai je garin su Chukwudalu bayan damina, Zipora kuwa ta ce ba ta yarda da tafiyar ba sai likita ya duba ƙafar tukuna.