Irin Gyaɗar da Bai Iso Toranke Ba

Shekarar da ƙungiyar manoman gyaɗa ta Ajingi ta samu kwamfuta, ni aka damƙa wa akwatin imel, don kawai na yi difloma a Kano kuma ina sa tabarau. Aikin ba wuya. Da safe in buɗe, in share wasiƙun matan da mazajensu suka mutu suka bar dukiya a Turai, suna neman mutum mai amana. Ban san yadda labarin amanata ya kai can ba.

Wani abokina a Gaya ya nuna mini jerin toshewa. Abin da ke bayan alamar nan mai kama da dodon koɗi a adireshi, shi ne sunan gidan da wasiƙa ta fito. Ka sa sunan a jerin, duk wanda ke gidan ya daina samunka. Ya ce a yi wa gidajen da 'yan damfara suka gina don damfara kawai, ban da gidan mutane. Na ce na ji. Rabin farko na ji.

Ana nan sai adireshin wani ma'aikacin cibiyar binciken iri, wadda muke hulɗa da ita, ya fara aiko mini tallan maganin ƙiba, sau bakwai a wuni. Ashe ɓarayi ne suka shiga akwatinsa. Ni kuwa siriri ne, kuma ina da zuciya. Na toshe cibiyar gaba ɗayanta, har da daraktanta. Na ji daɗi ƙwarai.

A watannin nan ne wani dattijo daga Toranke, aminin mahaifina, yake zuwa kowace ranar kasuwa a kan kekensa. Ciwon da ke nannaɗe ganye ya cinye masa gyaɗa damina biyu, ya sa sunansa cikin masu jiran sabon iri daga cibiyar.

"Ɗana, sun yi magana?"

"Shiru, Baba."

"To, a dai riƙa dubawa."

Kuma ina dubawa. Akwati tas, ba a taɓa ganin tsabta irin tasa ba.

Ruwa ya sauka, Baba ya jira mako biyu, sannan ya shuka tsohon irinsa. Sai da gyaɗa ta fara fure wata mata daga cibiyar ta samu lambata. Ta ce sau uku suna rubuto mana mu zo mu ɗauki rabonmu, wasiƙun suna komawa, har aka ba wa wata ƙungiya. Na ce wataƙila matsalar sabis ce. Na ajiye waya na cire sunansu daga jerin. Bai kai minti ɗaya ba.

Da kaka Baba ya shigo ofis da ƙunshi a leda. Gyaɗa ce, ƙanana, rabinsu ba 'ya'ya. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Na shirya maganar amsa laifina tun a gida, na buɗe baki, ya riga ni.

"Mutanen birni sun manta da mu, amma kai ka yi ƙoƙari. Abin da gonar ta ba da ke nan, a kai wa yara."

Na sa hannu biyu na karɓa.